Koriyar Ƙofa

Da hantsi wayata ta yi ƙara:
"An isar da kayanki. Mun gode."
Har da hoto, wai shaida:
ƙunshi a gindin wata ƙofa koriya,
ga wutsiyar kyanwa ta leƙo daga gefe.

Ƙofata shuɗiya ce.
Shekara talatin da ɗaya tana shuɗiya,
tun ranar da Aurelio ya shafe ta
da ragowar fentin jirgin ruwan da yake wa aiki.
Kyanwa kuwa, ko a mafarki ban taɓa ajiyewa ba.

Abin da na saya bai taka kara ya karya ba,
bel ne na keken ɗinki.
Amma wandunan makaranta bakwai na jibge a kan kujera,
Litinin kuma ba ta jiran tela.

Na buga wa kamfani.
Wata murya mai zaƙi wadda ba ta numfashi
ta ce in danna ɗaya, in danna uku,
ta sa mini kiɗa har shayina ya huce,
sannan ta ce ai ni na karɓa,
har hannu na sa.
Suka turo mini sa hannun nawa:
kamar tsutsa ta faɗa tawada ta ja ciki ta fita.

A Valparaíso gida kan hau kafaɗar gida.
Lamba arba'in da bakwai na kallon ɗari biyu da shida,
titi ya yi tafiya, ya gaji, ya koma matakala.
Na ɗauki sandata.
Na ɗauki wani ɗan kwali da aka yar mini tun Laraba,
mai sunan wani Nibaldo Arancibia,
in an girgiza sai ya ce kacau.

Ƙofa ja. Ƙofa ruwan toka.
Wata koriya, amma kare ne a bakinta.
Fresia mai burodi ta karɓi wayar, ta matse ido:
"Wannan wutsiyar ta kyanwar kurman nan ce,
can sama, bayan igiyar shanya."

Na ƙwanƙwasa har gaɓoɓin yatsuna suka yi ja.
Ta taga ina hango shi yana shan miya,
hankali kwance.
Sai da inuwata ta faɗa cikin kwanonsa ya ɗago.

Na miƙa kwalin don hannuna ya gaji.
Ya karanta, ya nuna ƙirjinsa.
Batura ne, ƙanana kamar maɓallin riga.
Ya cusa ɗaya a na'urar kunnensa,
ya yi tsit.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka a tashar ruwa.
"Kwana goma sha ɗaya," in ji shi.
"Ashe teku na nan."
Sannan ya ɗauko mini nawa daga bayan tukunyar fure,
ko leda bai taɓa ba.

A saukowa na tarar da yaron,
Yerko, haka aka rubuta a rigarsa,
zaune kan mataki yana murza gwiwa,
jakar bayansa ta fi shi faɗi.
Tun safe nake wasa maganganuna kamar almakashi.
Ya ce saura ƙunshi sittin da huɗu,
wayar kuma tana ƙirga masa mintoci.
Na faɗi rabi.
Rabin na haɗiye, ya tsaya mini a wuya.
Na nuna masa da sanda: waccan, shuɗiyar.
Ya gyaɗa kai, idonsa na kan waya.

A gida na gwada bel ɗin.
Ya gaza da faɗin yatsa biyu.

Na zare allura, na jawo kujera bakin taga,
hannu bai manta hanya ba.
Ina cikin kalmasa ƙafar wando na biyu
wayar ta sake ƙara,
tana tambaya taurari nawa zan ba su.